Kafin ka ɗauki ɗan tsuntsun nan, tsaya tukuna: yadda ake taimakon ƙananan halittu ba tare da an ƙarasa su ba

Ina yaro na taɓa kashe ɗan tsuntsu da hannuna, kuma wallahi ba mugunta ba ce ta sa, tausayi ne. Na same shi a gindin bishiya yana ta wangale baki, raina ya ba ni ƙishi yake ji, na ruga na ɗebo ruwa a murfin kwalba ina ɗiga masa, da na ga kamar bai farfaɗo ba sai na ƙara da madara wai dan ya samu ƙarfi. Kafin rana ta faɗi ya miƙe ƙafa. Na yi kukana na share hawaye na ce dama kwanansa ne ya ƙare. Sai da na girma na gane ashe ni na shaƙe shi, domin ƙofar numfashin tsuntsu a gindin harshensa take, a buɗe, ruwan da kake ɗigawa kai tsaye huhu yake tafiya, madarar kuma cikinsu ba ya iya narkar da ita kwata-kwata. Abun da ya fi ci min rai, mai yiwuwa uwarsa na kan reshe tana kallona duk tsawon lokacin, jira kawai take in matsa.

Shi ya sa in na ga ana yaɗa bidiyon wani yana ɗura wa tsuntsu ruwa da sirinji mutane na ta sa masa albarka, gabana faɗuwa yake. Niyyar mai kyau ce ba musu, amma tausayi in babu sani gyaran gangar Auzinawa yake zama. Toh ga yadda ni na koya, a hankali, wasu da kuskure wasu da tambaya.

Mataki na farko: hannu a aljihu, ido a buɗe

Duk abun da ka tsinta, ɗan tsuntsu ne, ɗan mage ne, bushiya ce, kar ka fara da ɗauka. Ja da baya ka duba abu uku. Akwai jini ko karaya, fiffike a lanƙwashe, ƙafa na lilo? Akwai haɗarin da ke tafe yanzu-yanzu, mota, mage, rana mai zafi, yara da duwatsu? Sannan na ukun wanda aka fi mantawa, uwar tana kusa? In babu rauni babu haɗari, yawanci aikinka ya ƙare tun ba ka fara ba, ka matsa nesa inda ba za a gan ka ba ka sa ido. Iyayen dabbobi ba sa dawowa muddin kana tsaye a kan ɗansu, sai kai kuma ka ce ai an yar da shi, alhali kai ne ka tare hanya.

Akwai hadisin da Abu Dawud ya kawo daga Ibn Mas'ud, sahabbai na cikin tafiya suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu suka ɗauke 'ya'yan, ta zo tana ta shawagi tana kaɗa fiffike, da Annabi (SAW) ya dawo ya gan ta sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali kan 'ya'yanta ya ce a mayar mata da su. A mayar fa aka ce, ba a kai gida a yi reno ba.

Mataki na biyu: ruwa, wanda kowa zai iya yau ɗin nan

In ba za ka iya komai a cikin rubutun nan ba, ka iya wannan. Nemo faranti ko wani mazubi mai faɗi mara zurfi, zurfin ruwan kar ya wuce santimita 3 zuwa 5, wato kamar gaɓa biyu ta yatsa. Sa 'yan duwatsu a ciki waɗanda kansu ya ɗan fito saman ruwa, saboda ƙudan zuma da sauran ƙananan ƙwari su samu wurin tsayawa, in ba haka ba ka haɗa musu kabari ne ba mashaya ba. Ajiye shi a inuwa, a ɗan sama, kuma nesa da duhuwar ciyawa ko lungun da mage za ta laɓe, tsuntsu na son ya hango abun da ke zuwa.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne canza ruwan. Ranar farko da zumuɗi, rana ta biyu da zumuɗi, bayan sati guda an manta, ruwa ya yi kore. Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ya ishe shi in akwai zafi, ka ga ke nan ka tashi daga mai shayar da tsuntsaye ka koma mai kiwon sauro wa maƙwabta. Kullum ka zubar ka sake, in ya yi wuya bayan kwana biyu, ka kuma goge bakin mazubin da soso saboda wani nau'in sauron a jikin bangon mazubi yake manna ƙwansa ba a saman ruwa ba. Kar ka damu in kwana uku babu wanda ya zo, tsuntsu sai ya gama bincike, ranar da ɗaya ya sauka shikenan labari ya bazu.

Kuma dai ba ƙaramin abu ba ne. Hadisin mutumin nan da ke Bukhari da Muslim, wanda ƙishi ya kama a hanya ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare na lallage yana lasar danshin ƙasa, ya koma ya ciko huffinsa ya riƙo da baki ya hauro ya shayar da shi aka gafarta masa, da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi aka ce musu a kan kowace hanta mai danshi akwai lada. Ni abun da ke tsaya min a labarin shi ne komawar. Ya riga ya fito fa, ya sha nasa, sake shiga rijiya ba wasa ba ne.

Mataki na uku: ɗan tsuntsu, kashi biyu ne

Duba jikinsa. In tsirara yake, jar fata, ko gashi kaɗan-kaɗan, ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, wannan faɗowa ya yi daga sheƙa. Ɗaga kai ka nemi sheƙar ka mayar da shi. Maganar nan da ake cewa in ka taɓa shi uwar za ta ji warin mutum ta ƙi shi, ba gaskiya ba ce, tsuntsaye ba sa yar da 'ya'yansu saboda an taɓa. In sheƙar ta wargaje ko ba za ka kai ba, samu ƙaramar roba ko kwando, huda ƙasan dan kar ruwan sama ya taru, shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ɗaure a reshe mafi kusa, ka koma nesa ka ba su awa ɗaya zuwa biyu.

In kuwa ya yi gashi sosai, yana tsalle-tsalle, wutsiya guntuwa, yana iya riƙe yatsanka da ƙafa, wannan ba faɗowa ya yi ba, makarantar koyon tashi yake. Tsuntsaye da yawa sukan yi 'yan kwanaki a ƙasa iyaye na kawo musu abinci kafin fiffike ya yi ƙwari. Irin wannan ne na kashe. Iyakar taimakon da yake so ka ɗauke shi daga tsakiyar hanya zuwa ƙarƙashin ganye nan kusa, ka kuma tsare magenka a ɗaki kwana biyu.

Mai rauni kuma, ko wanda ya bugi gilashin taga ya faɗi a sume: kwali mai 'yan hudoji, tsumma a ƙasa, rufe, ajiye a wuri mai duhu da shiru. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40 zuwa 42, ya fi namu, sanyi ke saurin kashe shi, saboda haka ka sa robar ruwan ɗumi da aka nannaɗe da tsumma a gefe ɗaya na kwalin, gefe ɗaya fa, dan in zafin ya yi masa yawa ya matsa. Ba ruwa a baki, ba abinci, ba leƙe duk minti biyar, ba kiran yara su zo su gani. Bayan awa ɗaya ko biyu ka fita waje ka buɗe, in ya tashi alhamdulillahi, in bai tashi ba sai likitan dabbobi. Wanda mage ta kama ko da ba ka ga jini ba shi ma likita yake buƙata, ƙwayoyin cutar da ke bakin mage kan kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Gilashin nan kuma kar ka raina shi, wani ƙiyasi da aka fitar a 2014 ya ce a Amurka kaɗai tsuntsaye tsakanin miliyan 365 zuwa 988 ke mutuwa duk shekara ta bugun gine-gine, galibi gilashi. Sararin sama da bishiya suke hangowa a jiki. In kana da tagar da suke yawan bugu, manna ɗigo-ɗigo ko layuka ta waje, tazarar santimita 5 tsakani, ɗaya tilo a tsakiya ba ya hana komai.

Mataki na huɗu: 'ya'yan mage, nan ne aikin yake

Nan zan ɗan daɗe saboda nan aka fi yin ɓarna. Ka ji kuka a lungu ka leƙa ka ga 'yan jarirai huɗu ido a rufe babu uwa. Kar ka kwashe. Mage na fita neman abinci na awanni, wani lokacin ma tana cikin ƙaura ne tana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya. In jikinsu da ɗumi, cikinsu a cike, suna barci a cure wuri guda, uwa na nan. Wata dabara, barbaɗa ɗan gari ko lallausan yashi kewaye da wurin ka dawo bayan awa 4 zuwa 6 ka duba sawu. In uwar na nan, ita za ka taimaka, ka ajiye mata ruwa da abinci ɗan nesa kaɗan da 'ya'yan, babu mai reno irin nata.

Toh in ta tabbata babu ita, sun yi sanyi, suna kuka ba tsayawa, sai ka san ka ɗauko aiki, kuma ga jerin yadda yake.

Ɗumi kafin abinci. Jaririn mage ba ya iya riƙe zafin jikinsa a makonnin farko, in ka ba shi abinci jikinsa da sanyi cikin ba zai narkar ba. Taɓa tafin ƙafarsa da cikin bakinsa, in da sanyi sa shi a jikinka cikin riga ko kusa da robar ruwan ɗumi har ya fara motsi sosai.

Sai madara, amma ba ta shanu ba, ita zawo take sa su kuma zawo a jikin da bai wuce giram 100 ba ai ka san ƙarshen zancen. Akwai madarar gari da ake yi musamman dan 'ya'yan mage, wurin likitan dabbobi ko masu sayar da kayan dabbobi za ka tambaya. Ka ba shi da 'yar kwalbar shayarwa ko sirinji mara allura, ɗigo-ɗigo, yana kwance a kan cikinsa kamar yadda zai sha a jikin uwa. Kar ka kuskura ka kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, shaƙewa zai yi. Duk awa 2 zuwa 3, har cikin dare, ehh har cikin dare, shi ya sa na ce ka yi tunani kafin ka ɗauka.

Abun da kusan kowa bai sani ba: ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai uwa ta lashe su. Bayan kowane ci ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka riƙa shafa ƙasan wutsiya a hankali har ya yi, haka za ka yi ta yi har su kai sati 3 zuwa 4. In kana da ƙaramin sikeli ka riƙa auna su kullum, mai lafiya na ƙaruwa da kamar giram 10 ko fiye a rana, wanda nauyinsa ya tsaya cak kwana biyu akwai matsala ko da ka ga yana motsi. Ido na buɗewa wajen kwana 7 zuwa 12, abinci mai laushi daga sati 4, kar ka raba su ka bayar kafin sati 8.

Sannan dan Allah, kar ka ba mage farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, hantarta ba ta da sinadarin da ke sarrafa shi. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin famitirin (permethrin), guba ne ga mage. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage da kare, cakulan ma guba ne gare su. Duk maganin da ke akwatinka na mutane ne, tambayi likita tukuna.

Mataki na biyar: kai ma rai gare ka

Dabbar da ke cikin ciwo ba ta san ka zo taimako ba, cizo za ta kai. Yi amfani da tawul mai kauri ko safar hannu, rufe mata kai da tsumma, duhu na kwantar musu da hankali. Jemage kar ka taɓa da hannu tsirara ko da wasa. Karen da ba ka sani ba yana dalalar da yawu, yana tangaɗi, ko ya yi wani irin laushi da bai dace ba, ka nisance shi ka kira masu aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan duka ta cizon kare ko yaƙushinsa, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. In aka cije ka ko aka yaƙushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ka duba agogo, sannan ka wuce asibiti ranar nan dan allura. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar a kan wani yaro ɗan shekara 9 a Faransa ya rayu, abun takaici ne a ce har yanzu ana mutuwa saboda an ce ai ɗan ƙaramin ciwo ne. Bayan ka taɓa kowace dabba kuma ka wanke hannu, tsuntsun da ka samu a mace ba dalili kar ka ɗauka da hannu.

Mataki na shida: 'yan ƙananan da ake takawa ba a sani ba

Waɗannan da sauri. Ƙudan zuma a ƙasa ya gaji ba ya tashi, ɗora shi a kan fure da ganye, in babu fure ɗiga ruwan farin sukari a gabansa, ba a jikinsa ba, kuma ba zuma ba, zumar wata amya na iya ɗauke da cuta. Ma'aikaciyar zuma ɗaya duk rayuwarta ta kamar sati 6 abun da take tarawa bai fi kashi ɗaya cikin 12 na ƙaramin cokali ba, amma kusan kashi 75 cikin 100 na manyan amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da irinsu masu yawo da garin fure daga wannan zuwa wancan. In dole sai ka yi feshin magani a shuka, bari sai yamma lis sun koma gida, kuma ba a kan furen da ya buɗe ba.

Gizo-gizo a ɗaki, kifa kofi, zura takarda ta ƙasa, kai waje. Tsutsar tana in ka gan ta a kan siminti bayan ruwan sama, mayar da ita kan ƙasa mai danshi. Kunkuru na tsallaka titi, ɗauke shi da hannu biyu ka kai shi ɓangaren da ya dosa, in ka mayar da shi baya sake shigowa zai yi, taurin kai gare shi. Tattabara mai ɗingishi ka duba yatsunta, sau da yawa zare ne ko gashin kai ya nannaɗe har yana yanke yatsa, ƙaramin almakashi da haƙuri kawai ake so.

Mataki na bakwai: kwance tarkon da ka ɗana ba ka sani ba

Zagaya gidanka sau ɗaya da idon ƙadangare. Bokitin ruwa a buɗe, jingina sanda a ciki ko ka kife shi. Gwangwanin da aka buɗe, matse bakinsa kafin ka yar, kan mage da bushiya na maƙalewa. Zare, leda, ragar da aka yar, tsinke su. Kafin ka tayar da mota da safe musamman lokacin sanyi, buga bonet sau biyu, mage na son ɗumin inji. Kafin ka cinna wa tarin shara ko itace wuta, motsa shi tukuna. Tarkon danƙo na ɓera kuwa ni ban ga muguntar da ta kai shi ba, dabba ta kwana biyu tana fizge fatarta, kuma ba ɓera kaɗai yake kamawa ba. In ka samu tsuntsu ko ƙadangare a kai kar ka ja, zuba man girki kaɗan-kaɗan a inda ya manne kana murzawa da auduga har ya saki.

Na san wani zai ce toh sauro fa, kunama fa, ɓeran da ke cinye min kaya fa. Ba wanda ya ce ka zauna a cuce ka. Toshe rami, rufe abinci, sa gidan sauro, in kisan ya zama dole a yi shi da sauri ba azabtarwa ba ƙonawa. Abun gudu shi ne ka yanke wa jinsi guda hukunci dan ba ka ga amfaninsa ba. A 1958 gwamnatin Sin ta shelanta yaƙi da abu huɗu, ɓera, ƙuda, sauro da gwara, wai gwara na cinye hatsi. Mutane suka fito da tukwane da ganguna suna ta bugu ba sa barin tsuntsu ya sauka har ya faɗo dan gajiya, aka fasa ƙwai aka rushe sheƙa. Ashe gwarar nan ita ke cinye ƙwarin gona, fari da tsutsa suka samu sake, a 1960 dole aka cire sunanta aka sa kuɗin cizo a madadinta. Ba kashe gwarar kaɗai ya jawo yunwar 1959 zuwa 1961 da ta kashe miliyoyin mutane ba, amma ya ƙara wa wutar fetur. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Mataki na takwas: saki

Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, ka sha wahala ka raya abu sai ka ji ai naka ne. Na daji in ya warke a mayar da shi inda aka same shi, tsuntsun rana da safe, mai yawon dare da magariba. Wanda ka ajiye kuma haƙƙinsa na wuyanka kacokan. Matar nan da hadisin Bukhari da Muslim ya ce an yi wa azaba saboda mage, ba dukanta ta yi ba, tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Keji da mantuwa kawai.

Mataki na tara: juyo da shi kan mutane

Duk abun da na lissafo a sama in ka cire gashi da fiffike, mutum ne. Duba kafin ka taɓa, wato tambayi mutum me yake buƙata maimakon ka ɗura masa abun da kai kake ganin ya dace, sau nawa ake kai wa mutum nasiha alhali kuɗin magani yake nema, ko a ba shi kuɗi alhali wanda zai saurare shi yake so. Ɗumi kafin abinci, wato sakin fuska kafin kyauta. Ƙarami mai ɗorewa irin ruwan faranti ya fi babba na rana ɗaya. Kwali mai duhu da shiru, wato rufin asiri, ba sai ka ɗauki hoton wanda ka taimaka ka watsa ba, shi ma yana da 'ya'ya da surukai masu waya. Sannan saki, kar taimakonka ya zama igiya a wuyan mutum, yau gori gobe ai ni na yi maka, Alƙur'ani a Baƙara aya ta 264 ya ce kar a ɓata sadaka da gori da cutarwa.

In abu ya faru a cikin taro kuma, kar ka jira wani. A 1968 wasu masana biyu a Amurka, Darley da Latané, suka gwada ɗalibai da muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi, waɗanda suka zaci su kaɗai ke ji kashi 85 cikin 100 suka tashi neman taimako, waɗanda suka zaci akwai wasu mutum huɗu da ke ji kashi 31 ne kacal. Kowa na cewa wani zai yi. Maganinsa ka nuna mutum ɗaya da yatsa, kai mai jar riga kira motar asibiti, ke riƙe min jakar nan, nan take za ka ga an motsa.

Toh ladan fa?

Na lahira wannan lissafin ba a hannunmu yake ba, an dai faɗa mana ko shuka ka yi tsuntsu ya ci sadaka ce. Na duniya kuwa har an auna wani ɓangare. A 2008 masu bincike a wata jami'a a Kanada suka raba wa mutane dala 5 ko dala 20 da safe, wasu aka ce su kashe wa kansu wasu su kashe wa wani, da yamma waɗanda suka kashe wa wani suka fi nuna farin ciki, kuma yawan kuɗin bai canza komai ba. A 2011 a Jami'ar Chicago aka ga ɓera na koyon buɗe wa ɗan uwansa da aka kulle ƙofa, har ana ajiye masa cakulan a gefe yakan buɗe ya kuma rage wa ɗan uwan. Ɓera fa. A yankin Niassa na Mozambik akwai wani tsuntsu da ke amsa kiran masu neman zuma 'yan ƙabilar Yao, ya ja su har bishiyar da zumar take, su kwashi zuma su bar masa kakin.

Amma kar ka shiga da lissafin tatsuniya, wai ka ceci tururuwa yau gobe ta zo ta cece ka. Hausawa sun ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, gaskiya ne, sai dai ba su ce a jikin wanda ka yi wa zai manne ba. Ni abun da na gani a kaina shi ne idona ya buɗe, wanda ya saba lura da ƙudan zuma a ƙasa ba ya wuce yaron da ke kuka a bakin hanya bai gani ba, kuma yaran gida na kwaikwayo ba tare da an yi musu wa'azi ba, ranar nan na ji ƙaramarmu na yi wa wani babba faɗa wai ya zubar da ruwan tsuntsaye bai sake ba.

'Yan magen da na taɓa raina kuwa su uku ne, ɗaya ya mutu a kwana na biyar duk da na yi duk abun da na rubuta a nan, biyu suka rayu, sati huɗu ban yi barcin kirki ba. Namijin wani ya karɓa. Macen da ta girma ta yaƙushe ni a hannu sai da na je aka yi min allura, ta koma gidan maƙwabta da zama, har yau in ta hango ni sai ta haye katanga ta juya min baya.